Bukkar Comei da Babin da Aka Bari Fari

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata al'ada tamu ta malamai wadda kuka san ta sarai, watakila har kun gaji da ita. In mun gama karanta muku labari a aji, mu kan rufe littafi mu ce, "To, me wannan labari ya koya mana?" Ku kuwa da ya ke kun gane lagonmu, kafin mu rufe baki hannuwa sun tashi. Wannan ya ce haƙuri, wancan ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala, mu rubuta a allo, ku kwafe, a buga ƙararrawa kowa ya watse. Ba mu ce al'adar ba ta da amfani ba. Amma a makon nan muna so mu kawo muku labarin waɗansu littattafai na ƙasar Jafan, waɗanda in aka yi musu wannan tambaya da garaje sai a kwashi ƙaiƙayi a bar tsaba.

Ga abin da ya jawo maganar. A wata shekara muna da wani yaro a aji, mai natsuwa, mai kyan rubutu. Ana tsakiyar zangon karatu aka aiko daga garinsu cewa ƙanwarsa ta rasu, ƙyanda ce ta ɗauke ta. Garin da nisa, ba halin ya tafi sai an yi hutu. Muka kira shi muka yi masa ta'aziyya, muka ce ya yi haƙuri, duniya ba matabbata ba ce. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Malam." Bayan kwana uku, mun riga mun manta, muka ba ajin insha'i a kan "Gidanmu." Yaron nan ya rubuta kan maganar a saman shafi, ya ja layi da rula tsaf, ya bar sauran shafin fari fat. Muka ɗauki jan tawada muka ba shi sifiri, har muka ƙara da kalmar lalaci a gefe. Ya karɓi littafinsa bai ce uffan ba. Ku riƙe wannan yaro a zuciya, za mu komo kansa.

Jafan tsibirai ne can gabas da ƙasar Sin. Ƙasa ce mai duwatsu da yawan girgizar ƙasa, mutanenta na dā kuwa da katako da takarda su ke gina gidajensu, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa. Addinin Buda ya shigo musu ta Koriya cikin ƙarni na 6, babbar koyarwarsa kuwa ita ce babu abin da ke dawwama, kuma ɗaura zuciya ga abin da ba ya dawwama shi ne tushen baƙin ciki. Duk wanda ya iya rubutu a can ya san wannan tun yana yaro, kamar yadda da yawa daga cikinku kuka tashi da jin waƙoƙin wa'azi masu kwatanta duniya da tsohuwa mai rufe tsufanta da kwalliya. Sabo da haka in muka ce littattafansu suna koyar da cewa duniya mai wucewa ce, ba mu faɗi kome ba, ko mai tallan goro a tasha ya san haka. Abin da ya cancanci dubawa shi ne yadda mutumin da ya haddace wannan karatu ya ke yi ran da abin ya sauka a kansa. Mu dai a iyakar karatunmu, wurin da littattafan nan suka fi kyau shi ne daidai inda karatun ya kasa riƙe mai shi.

Mu fara da Kamo no Comei, wanda Turawa ke rubuta sunansa Chomei. An haife shi wajen shekarar 1155 a Kiyoto, babban birnin ƙasar a zamanin, tun ba a mayar da sarauta Tokiyo ba. Ubansa shi ne babban mai kula da wani mashahurin wurin ibada na Kamo, muƙami ne kuwa na gado. Uban ya mutu Comei bai cika shekara ashirin ba, muƙamin ya faɗa hannun wani reshe na dangi. Ya koma ga waƙa da kiɗa, ya yi suna, har Sarki Go-Toba mai murabus ya sa shi cikin ma'aikatar tattara waƙoƙi ta fada a 1201. Sarkin ya so ya ba shi wani muƙami a wurin ibadar kakanninsa, wani ɗan'uwansa ya tsaya kai da fata ya hana. Comei ya aske kansa ya shiga zuhudu wajen 1204, ya juya wa birni baya. Littafinsa Hojoki, watau labarin bukka mai ƙafa goma, ya gama shi a 1212, shekara huɗu kafin mutuwarsa. Gajere ne ƙwarai, ɗan aji na sama zai gama fassararsa ta Turanci tsakanin la'asar da magariba.

Ya buɗe littafin da kwatanta mutane da gidajensu da ruwan kogi da kumfar da ke bisansa. Wannan buɗewa yaran makarantar Jafan su kan haddace ta, amma mu ba ita ta fi kama mu ba, gama kowane mai wa'azi ya iya kwatanci. Abin da ya biyo baya shi ne aikin. Ya jera masifu biyar da ya gani da idonsa cikin shekara takwas. A 1177 gobara ta tashi a kudu maso gabashin birni cikin dare mai iska, kafin gari ya waye ta cinye sulusin Kiyoto, har da gidajen manyan fadawa 16. A 1180 guguwa ta ratsa birni tana ɗaga rufin gidaje. A cikin shekarar nan kuma masu iko suka ce a tashi a koma Fukuhara, inda birnin Kobe ya ke yanzu. Mutane suka kwance gidajensu suka ɗaure katako suka sake shi a kogin Yodo, kafin shekara ta ƙare aka ce a komo. A 1185 aka yi babbar girgizar ƙasa, ƙasa ta yi ta motsi har wajen wata uku. Game da ita ya lura da wani abu da ya ba mu dariya mai ɗaci: a kwanakin farko kowa maganar banzar duniya ya ke yi, kamar zukata sun wanku, da watanni suka shuɗe ba mai ko ambaton abin.

Amma a kan yunwar 1181 da 1182 ya fi daɗewa, mu ma a nan za mu daɗe. Shekara biyu a jere amfanin gona bai yi ba, sa'an nan annoba ta biyo. Ya ga masu sutura ta mutunci suna bin gida gida suna bara. Ya ga mutane suna farfasa gidajensu suna kai itacen kasuwa, abin da mutum ya ɗauko a ka bai isa ya ciyar da shi yini guda ba. A cikin itacen wutar ya hangi guntaye masu jan fenti da ɓurɓushin zinariya, ya bincika, ashe daga wuraren ibada a ke sato gumaka da kayansu ana faskarawa. Wani malamin Buda daga haikalin Ninnaji, Ryugyo, ya ga gawawwaki sun fi ƙarfin binnewa, sai ya riƙa bi yana rubuta harafi guda mai tsarki a wurinsu a goshin kowace gawa, yana kuma ƙirgawa. Cikin wata biyu, a rabin birni na gabas kaɗai, ya ƙirga fiye da 42,300.

Ku duba yadda mutumin nan ya ke aiki. Ba ya cewa mutane da yawa sun mutu, ya kan kawo adadi, da iyakar titunan da aka ƙirga, da watannin. Ba ya cewa an wulaƙanta abin girmamawa, ya kan nuna maka jan fenti a jikin itacen wuta ya ƙyale ka. Duk mai son ya koyi rubuta insha'i ya tsaya nan ya yi karatu. Sa'an nan, a tsakiyar wannan lissafi, sai ya kawo abin da mu ke ganin shi ne zuciyar littafin duka. Ya ce ya lura a cikin ma'aurata, wanda ƙaunarsa ta fi zurfi shi ke fara mutuwa, domin ɗan abin da aka samu ya kan tura wa ɗayan. Inda kuma akwai iyaye da 'ya'ya, iyayen ke riga tafiya. Har ya ga jariri kwance yana tsotson nonon uwar da ta riga ta cika.

To, ga tambaya. Littafin nan an shirya shi ne don ya nuna cewa ɗaura zuciya ga mutum ko gida wauta ce. Ga kuwa hujja ta zo masa har gida, ƙauna ta kashe masu ita ƙiri ƙiri. Da mai wa'azi ne na sosai, da nan ya buga ƙafa ya ce kun gani. Comei bai yi haka ba. Ya faɗi abin da tausayi, bai zargi kowa ba, ya wuce. Idonsa ya fi aƙidarsa gaskiya, shi kuma bai hana idon ba.

Rabi na biyu labarin gidajensa ne, kowane ya fi na baya ƙanƙanta. Ya tashi a babban gidan kakarsa. Yana wajen shekara talatin ya rabu da shi, ya gina wanda bai wuce ushurin wancan ba. Da ya doshi sittin ya hau dutsen Hino, kudu maso gabas da birni, ya kafa bukka mai ƙafa goma tsawo, ƙafa goma faɗi, tsayinta bai kai ƙafa bakwai ba. Ya haɗa katakonta da ƙarafa yadda za a iya kwance ta, amalanke biyu sun ɗauke ta duka in wurin ya ishe shi. A ciki akwai shimfiɗarsa, da surar Buda, da 'yan akwatunan littattafan waƙa, da kayan kiɗa biyu masu tsirkiya. Abokin yawonsa ɗan mai gadin dajin ne, yaro ɗan shekara goma, su kan tafi tare tsinkar 'ya'yan itace. Shafukan nan suna da daɗi, har mai karatu ya kan ji kamar ya naɗe tabarmarsa ya bi shi.

Duk da haka muna da magana a kansu. Akwai ƙanshin alfahari a ciki. Ya yi ta jin tausayin mutanen birni masu gudu bayan muƙami, bai kuwa gaya mana dalla dalla cewa shi ma ya nemi muƙamin an hana shi ba, sai daga wajen waɗansu muka ji. Wanda kaza ta tsere masa ba shi ya kamata ya fara cewa ramammiya ce ba. Yaƙin gidan Taira da gidan Minamoto, wanda ya girgiza ƙasar daga 1180 zuwa 1185, bai ba shi wuri cikin jerin masifunsa ba. Kuma da bakinsa ya faɗa cewa ba shi da mata ba shi da ɗa, watau barin duniya bai ci masa tsada irin yadda zai ci wa mai iyali ba.

Abin da ya fanshe shi shi ne shafin ƙarshe. Wata asuba ya zauna ya tuhumi kansa. Ya gane cewa son da ya ke yi wa bukkar nan da shirun dajin shi ma ɗaurin zuciya ne, irin wanda ya gudo dominsa. Ya rage gida har ya koma ƙafa goma, ashe zuciya ta biyo shi ta maƙale wa ƙafa goman. Ya tambayi zuciyarsa dalili, ba ta amsa ba. Ya ambaci sunan Buda sau biyu ko uku, ya yi shiru, littafi ya ƙare. Ba mu san littafin zuhudu da yawa da mai shi ya rushe gininsa da hannunsa a shafin ƙarshe ba. In wani a cikinku ya ce darasin Hojoki shi ne a guji duniya a zauna lafiya, to bai kai shafin nan ba.

Mun ce Comei ba shi da ɗa. Bari mu koma baya wajen shekara 280 mu ga wanda ya ke da ita. Ki no Tsurayuki babban mawaƙi ne, shi ne jagoran waɗanda suka tattara kundin waƙoƙin fada mai suna Kokinshu wajen 905. Aka tura shi gwamna a lardin Tosa, a tsibirin Shikoku. A ƙarshen 934 wa'adinsa ya cika, ya kamo hanyar gida ta teku, tafiyar kwana 55, ya rubuta labarinta rana rana. A zamanin maza masu muƙami da Sinanci su ke rubuta irin wannan littafi, ba a sa kome ciki sai sha'anin aiki da bukukuwan fada. Rubutun harshen gida kuwa na mata ne da na waƙa. Abin ya yi kama da matsayin Larabci da ajami a wajen malamanmu na dā. Sai Tsurayuki, dattijo mai daraja, ya rubuta nasa da harshen gida, ya kuma yi kamar wata mace ce cikin ayarin ke ba da labari.

Mafi yawan littafin raha ne: liyafar ban kwana inda kowa ya bugu, matuƙin jirgi mai son abin hannu, tsoron 'yan fashin teku, jiran iska kwana da kwanaki. Amma akwai yarinya, 'yar gwamnan, wadda aka haifa a Kiyoto aka zo da ita Tosa, ta mutu can. Ba a ware mata babi ba. Sai dai ana cikin wasa ta ɓullo, kamar ƙaya a cikin tuwo. An ga kyawawan duwatsu a gaɓa, an tuna da ita. An kusa gida, matan da suka tafi ba goyo suna komowa da 'ya'yan da suka haifa can, uwar yarinyar ta dube su ta kasa daurewa. Da suka iso, gidan da suka bar wa maƙwabci amana ya lalace, ƙananan itatuwa sababbi sun tsiro a tsakar gida, wadda aka haifa a gidan ba ta komo ba. Ku da kuka san kara da alkunya, kuka ga uba a wurin jana'izar ɗansa yana karɓar gaisuwa da busasshen ido, ba sai mun yi dogon bayani ba. A ganinmu gwamnan ya ari bakin mace ne domin ya sami inda zai yi kuka.

Yanzu ga babban littafinsu, Hikayar Genji. Wata mace ce ta rubuta shi, wadda a ke kira Murasaki Shikibu. Mijinta ya mutu a 1001 ya bar ta da 'ya guda, daga baya ta shiga hidimar matar Sarki, kuma an tabbata a 1008 ana karanta wani sashe na littafin a fada. Babi 54 ne, da waƙoƙi kusan 800 a ciki. Wani Bature, Arthur Waley, ya fassara shi da Turanci cikin littafi shida daga 1925 zuwa 1933. Ba mu ba ku shawarar ku fara da shi ba. Yana da tsawo, yana tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya, kuma akwai al'amura a ciki da sai hankali ya ƙara nuna.

Kada kuma wani ya ɗauka Genji abin koyi ne. Ɗan sarki ne, kyakkyawa, gwani a kowane fanni, uwarsa ta mutu yana ɗan shekara uku, ya ƙare rayuwarsa yana neman fuskarta a fuskokin waɗansu mata. Ya so matar ubansa domin an ce ta yi kama da uwar. Ya ga wata yarinya 'yar wajen shekara goma mai kama da matar uban, ya ɗauke ta ba da yardar ubanta ba, ya rene ta, ya aure ta. Ita ce Murasaki ta cikin hikaya, ita ce kuwa ya fi so duk duniya. Amma yana da shekara arba'in ya yi mata kishiya da wata gimbiya ƙarama wadda ta fi ta asali, abin ya ci ta a ciki. Ta roƙe shi sau da yawa ya bar ta ta shiga zuhudu, ya ƙi, don ba zai iya zama ba ita ba. Marubuciyar ba ta tsaya ta zage shi ba, ba ta kuma rufa masa asiri ba. Ta bar mu mu gani da kanmu cewa mutum ya kan so wani da gaske, ya kuma cuce shi da son nan.

Murasaki ta mutu a babi na 40. Babi na 41 duka shekara guda ce ta makoki, wata bi wata. Furannin da ta shuka suka buɗe, damina ta zo, aka yi bukukuwan shekara kowane a lokacinsa, Genji na zaune bayan labule ba ya son ganin mutane. Shi da ya sha faɗin cewa duniya mafarki ce tun yana saurayi, yanzu maganar ba ta ɗauke masa kome ba. A ƙarshen shekara ya fito da wasiƙun da ta rubuta masa tun suna da ƙuruciya, ya sa aka yayyage, aka ƙone. Daga nan sai mai karatu ya juya shafi ya tarar da sunan babi, wanda ma'anarsa ɓuya cikin gajimare, ƙarƙashinsa kuwa babu ko kalma ɗaya. Babin da ke biye ya fara bayan shekara takwas, Genji ya riga ya mutu, ana maganar 'yan baya.

Masana sun daɗe suna gardama a kan babin nan. Waɗansu sun ce ita ta bar shi haka da gangan, waɗansu sun ce rubutun ne ya ɓata, waɗansu kuma sun ce masu kwafa na baya ne suka sa sunan. Ko wane ne ya yi, Jafanawa sun karɓe shi a haka ɗaruruwan shekaru, ba su yarda da ƙoƙarin masu cike gurbin ba. Ran da muka fara iske shafin nan, littafin rubutun yaron nan ya faɗo mana a rai, da layin da ya ja da rula, da jan tawadarmu. An ce masa ya rubuta "Gidanmu," ya rubuta iyakar abin da ya ke iyawa, malaminsa kuwa bai iya karantawa ba. Lokacin ya riga ya bar makaranta, ba mu kuma sake haɗuwa ba.

Masu neman darasi ba yau suka fara damun littafin nan ba. A ƙarnukan da suka biyo bayan mutuwar marubuciyar, har labari ya bazu cewa tana wuta sabo da ta ɓata mutane da ƙagaggun labaru, aka riƙa yi mata addu'o'i na musamman. Waɗansu kuma suka kāre ta da cewa ai wa'azi ta ɓoye a ciki. Sai wani malami, Motoori Norinaga, wanda ya rayu daga 1730 zuwa 1801, likita ne kuma, ya ce duka ɓangarorin biyu sun kuskure. A wurinsa littafin bai zo ya raba nagari da mugu ba, ya zo ya sa mai karatu ya san abin da su ke kira mono no aware, watau motsin da zuciya ke yi in ta ga abu yadda ya ke, ta kuma san zai wuce. Mun yarda da shi rabi. Ya yi daidai da ya ƙwace littafin daga hannun masu wa'azi. Amma in aka bi shi har ƙarshe sai wahalar Murasaki ta zama abin sha'awa kawai, kamar faɗuwar fure, mu kuwa muna ganin wadda ta rubuta ta san sarai hannun wa ya girgiza reshen.

Duk waɗannan mutanen fada ne ko na kusa da fada. Na ƙarshe ɗan manomi ne. Kobayashi Issa, ba Isa irin namu ba, laƙabi ne na waƙa mai nufin shayi kofi guda. An haife shi a 1763 a ƙauyen Kashiwabara, cikin duwatsu masu yawan ƙanƙara. Uwarsa ta mutu yana ƙarami ƙwarai, bai ji daɗin hannun matar uba ba, aka tura shi Edo neman abinci yana ɗan shekara goma sha huɗu. Gwani ne na haiku, waƙa mai gaɓa 17 kacal, 5 da 7 da 5, ya bar wajen 20,000, da yawansu a kan ƙuda da kwaɗo da katantanwa da gwara. Ubansa ya mutu a 1801, rigimar gado da matar uba da ƙaninsa ta ci shekara goma sha biyu. Sai a 1814, ya haura hamsin, ya yi auren fari da wata mai suna Kiku.

Ɗansu na fari bai cika wata guda ba. A 1818 aka haifi 'ya mace, Sato. A littafin da ya rubuta na shekarar 1819 ya ba ta shafuka: yadda ta ke yage takardar ƙofa, in aka yaba mata da wasa ta ɗauka gaske ne ta ƙara yagewa, yadda ta ke tafa hannu, yadda uwarta ke ƙirga cizon ƙuma a jikinta tana ba ta nono. Tsoho mai furfura ya zauna yana kallonta ya manta da shekarunsa. Cikin shekarar nan agana ta kama ta, cutar da sai a 1980 aka ba da shelar an kawar da ita daga duniya. Ta mutu ba ta daɗe da cika shekara ɗaya ba.

Issa mai riƙo da addininsa ne ƙwarai, ya san duk abin da a ke faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, watakila shi ma ya sha faɗa wa waɗansu. Waƙar da ya yi a kanta tana cikin waɗanda aka fi sani a harshensu. Kashi biyu na farko ya ba malamai gaskiyarsu, ya amsa cewa rai kamar raɓa ya ke, bai yi musu ba ko kaɗan. Gaɓoɓi biyar na ƙarshe kuwa ba su kawo hujja ba, ba su kawo ƙara ba, kalma ce ta togiya wadda a ke sa ran magana za ta biyo bayanta, maganar kuwa ba ta zo ba. Tun muna kwalejin horon malamai a ke koya mana cewa jimla ba ta tsayawa a kan irin wannan kalma, mu ma mun sha jan layi ƙarƙashinta a littattafanku. A nan dai mun ajiye jan tawada.

Bayan Sato sun sake haihuwar 'ya'ya maza biyu, duka suka mutu suna jarirai. Kiku ta mutu a 1823. Ya sake aure bai daɗe ba, ya kuma yin na uku. A 1827 gobara ta ci Kashiwabara har da gidansa, ya koma cikin ɗakin ajiyar hatsi na ƙasa wanda wuta ta tsallake, mai ɗan taga guda. A ciki ya mutu da sanyin farkon 1828, matarsa tana da ciki. Bayan 'yan watanni ta haifi 'ya mace, ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa ta girma har ta yi nata iyali. Ɗakin ajiyar yana nan a lardin Nagano, an gyara rufinsa, mutane su kan je su leƙa.